Yadda Za Ka Gane Kan Babban Organ na Majami'a

Idan ka shiga babbar majami'a ka ɗaga kai ka hangi dogayen bututai masu ƙyalli a jere can sama, kada ka ce ka ga organ, wato babban kayan kiɗan da ke busa bututai da iska. Fuskarsa kawai ka gani. Waɗanda ke gaba ba su wuce 'yan gommai ba, a wasu wuraren ma na ado ne, ko tari ba sa yi. Dubbai suna ciki, a bayan katako. Na babbar majami'ar Libaful da ke Ingila, wanda kamfanin Henry Willis ya kammala a 1926, bututunsa 10,268 ne. Na Passau a Jamus ya kai 17,974. Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara da abu mai girma haka, amsata ɗaya ce: ka bi iska, tun daga inda take shiga har inda take fita ta zama murya.

Da farko ka nemi makaɗin. Jira za ka yi a tashi daga sujada, ya gama kiɗan sallama, sannan ka gaishe shi ka faɗi buƙatarka. Yawancinsu suna jin daɗin wanda ya damu da abin da ke bayan katakon, amma kada ka taka matakalar sama sai ya ce ka hau.

Ka roƙe shi ya fara kai ka ɗakin iska. Galibi ƙaramin ɗaki ne mai ƙura da warin tsohuwar fata, a ƙasa ko a bayan organ ɗin. A yau injin lantarki mai fanka ne ke hura iskar, amma ba ta tafiya kai tsaye ga bututai. Sai ta shiga wani babban zugazugi na katako da fatar tumaki, an ɗora masa duwatsu ko guntayen ƙarfe a ka. Ka tsaya ka kalle shi lokacin da aka kunna injin: murfin zai taso a hankali ya tsaya cak, idan makaɗi ya danna maɓallai da yawa ka ga ya ɗan dusa sannan ya koma. Nauyin nan shi ke sa ƙarfin iskar ya zauna daidai, kuma ba wani ƙarfi ne mai yawa ba, a tsofaffin organ bai wuce abin da zai tura ruwa inci uku ko huɗu a cikin bututun gilashi ba. Yawan iskar ake buƙata, da zamanta daram.

Tarihin abin gaba ɗaya fama ne da wannan matsala. Ctesibius na Iskandariya, wanda ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, nauyin ruwa ya yi amfani da shi wajen daidaita iskar. A lokacin ba kayan ibada ba ne, Rumawa a filayen wasa suke kaɗa shi. A 757 Sarki Constantine na 5 ya aika wa Pepin, sarkin Farankawa, da guda ɗaya kyauta daga Kustantiniya, daga baya ya samu shiga majami'un yammacin Turai. Wani bayani na ƙarni na 10 ya ce na Winchester da ke Ingila zugazugai 26 gare shi, maza 70 ke aikinsu. Ina jin marubucin ya ɗan ƙara gishiri, amma ya nuna maka inda wahalar take. Har zuwa zuwan injuna, in babu masu taka zugazugi, makaɗi ba ya iya ko gwaji. Bach ma, shahararren makaɗin nan na Jamus, in aka kira shi ya duba sabon organ, abin da yake fara yi shi ne ya buɗe dukkan muryoyi ya kaɗa da ƙarfi, don ya ji ko huhun na da kyau.

Daga nan ka bi magudanar iskar zuwa akwatunan da bututai ke tsaye a kai. A nan dabarar take, kuma in ka gane ta ka gane organ. Ka ɗauki akwatin kamar jadawali mai layuka a tsaye da a kwance. Kowane maɓalli yana da ramin iskarsa da murfi mai fata a ƙasa. Kowace murya kuma, wato jerin bututai masu irin sauti ɗaya, tana da dogon falle na katako mai huda-huda, wanda ke zamewa gaba ko baya idan makaɗi ya ja mariƙinta. Bututu ba zai yi kuka ba sai abu biyu sun haɗu: an danna maɓallinsa, an kuma ja mariƙin muryarsa har hudojin sun yi daidai. Kowane bututu sauti ɗaya tak yake bayarwa, ba ya ƙara ƙarfi, ba ya ragewa. Jerin maɓallai na zamani 61 ne, don haka murya ɗaya bututu 61 ke nan. Akwai muryoyin haɗin gambiza inda maɓalli ɗaya ke busa bututu huɗu a tare, ka ga 244. Da haka lissafin ke hawa dubbai.

Yanzu ka shiga tsakanin bututan, idan an yarda maka. Hanyar siririya ce, ka cire jaka da duk abin da ke lilo, ka riƙe hannayenka a jikinka. Kada ka taɓa bututu, kada ka busa shi da baki. Ƙarfen garwayen kuza ne da dalma, yana da laushi har babban yatsa zai iya lotsa shi, ɗumin tafin hannu kaɗai yana karkatar da muryar ƙaramin bututu na ɗan lokaci. Waɗanda ka ga jikinsu da ɗige-ɗige, kuza da dalma ne kusan rabi da rabi. Masu kusurwa huɗu na katako ne. Iri biyu za ka bambance. Mafi yawa suna da baki a gefe, iska na bugun leɓen sama ta tsage, irin aikin sarewa. Sauran suna da siririn harshen tagulla ɓoye a gindinsu yana karkarwa, su ne masu kaifin murya irin ta kakaki. Ka leƙa kan na farkon, in ka ga an toshe shi da murfi, to muryarsa ta yi ƙasa daidai da ta bututun da ya ninka shi tsawo. Maginan sun daɗe suna tsimin wuri da ƙarfe ta wannan hanya.

Sai ka sauko ka zauna gefen makaɗi ka karanta lambobin da ke kan mariƙai: 8, 4, 2, 16, 32. Tsawon bututu mafi girma ne na wannan murya, a ma'aunin ƙafa. Takwas ita ce muryar asali. Huɗu ta fi ta sirantaka, 16 ta fi ta kauri. Mai ƙafa 32 ya kusa mita 10, yana girgiza iska sau 16 kacal a daƙiƙa, ƙirjinka da bencin da kake kai sun fi kunnenka jin sa. Mafi ƙanƙanta kuwa, wurin da ke bayar da sauti bai wuce santimita ɗaya ba. Kowane jerin maɓallai sashe ne mai zaman kansa, ƙafafu ma suna da nasu, sanduna 30 ko 32. Ka duba feda mai faɗi da ke tsakiya: tana buɗe tagogin wani ɗaki da aka kulle bututai a ciki, ta haka ake samun sauti ya taso ko ya lafa. Abraham Jordan ya sa irinta a cocin St Magnus da ke Landan a 1712.

Ka tambaya yadda maɓalli ke isa ga murfin. A tsofaffi, irin na Christian Müller da ke Haarlem a Holan, na 1738, wanda shahararren makaɗi Mozart ya kaɗa yana ɗan shekara 10, siraran sandunan katako ne ke jan murfin kai tsaye. Ni wannan na fi so, domin yatsa na jin lokacin da murfi ya saki. Matsalarsa, in organ ya girma aka haɗa sassa, maɓallai sukan yi tauri. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Barker, ya fito da ƙananan zugazugai da ke yi wa yatsa jan, maginin organ ɗan Faransa Aristide Cavaillé-Coll ya karɓa ya sa a cocin Saint-Denis a 1841. Da wannan dabara ya gina na Saint-Sulpice a Paris a 1862, mai jerin maɓallai biyar da muryoyi 100, inda makaɗi Widor ya yi fiye da shekara 60 yana kiɗa.

Kada ka yanke hukunci kan sautin daga wurin makaɗi, nan ne wuri mafi muni na saurare. Ka sauka tsakiyar majami'ar, ka ce ya kaɗa da ƙarfi ya ɗaga hannu, ka ƙirga daƙiƙoƙin da amsa-kuwwa ke yi kafin ta mutu. Bututan an gyara bakin kowannensu ne a cikin wannan gini, don wannan gini. Shi ya sa bayan gobarar majami'ar Notre-Dame ta Paris a ranar 15 ga Afrilu 2019, ko da yake wutar ba ta ci babban organ ba, ƙurar dalma ce ta lulluɓe shi, sai da aka kwance bututai kusan 8,000 aka wanke, aka mayar, sannan aka shafe watanni ana daidaita muryoyinsu a wurin kafin buɗewar Disamba 2024.

In za ka je, ka zaɓi ranar da ɗumin ginin yake yadda ya saba. Zafi na ɗaga muryar bututai masu baki, masu harshen tagulla kuwa kusan ba sa motsi, sai ka ji sun saɓa wa juna ka zaci organ ɗin ne ya lalace. Yawanci akwai ɗan littafi a gefen benci inda makaɗa ke rubuta wa mai gyara abin da ya samu matsala, wane maɓalli ne ya maƙale, wane bututu ne ya yi shiru. Ka nemi izini ka duba shi, ka kwatanta ranakun da watannin sanyi da na zafi.