Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kafa Ofishi Ɗaya na Bayanan Bincike a Asibitin Koyarwa

Damagaram tana da babban asibitin ƙasa, Jami'ar André Salifou kuma tana horar da likitoci, saboda haka aikin bincike kan zazzaɓin cizon sauro, tamowa, sanƙarau da matsalolin haihuwa ba baƙo ba ne a garin nan. A duk inda asibiti da jami'a suka haɗu haka, wata rana sai an kawo shawarar a kafa ofishi guda da zai riƙa tsara bayanan bincike, ya adana su, ya kuma taimaka wa mai nema, maimakon kowane ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu ya sake buɗe rajistocin da wani ya buɗe bara. Shawarar mai kyau ce. Sai dai akwai kurakurai da ake maimaitawa a ƙasashe masu kuɗi da marasa kuɗi, kuma yawancinsu ba su da alaƙa da ingancin na'ura.

Wanda ya fi yawa shi ne a fara da sayen kaya. Da zarar tallafi ya samu, sai a kawo babbar kwamfutar ajiya a sa a ɗaki, a yi bikin buɗewa, alhali ba a ɗauki wanda zai kula da ita ba. A garin da zafin watan Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma take shiga kowace kafa, irin wannan na'ura tana buƙatar ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, kuma mutanen Damagaram ba su manta da abin da ya faru a 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar. Gyaran shi ne a juya tsarin: a fara da albashin mutum ɗaya ko biyu da suka san tsara bayanai, a biyo da batura da faifan hasken rana, sannan a sayi na'ura daidai da aikin da ake da shi a hannu.

Kuskuren da ya fi ɓata bincike, a ganina, shi ne rashin lamba ɗaya ga kowane majiyyaci, kuma a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. A ɗauki misalin uwa da ta taho da ɗanta daga Mirriah ko Magaria. A ƙofar karɓar marasa lafiya an rubuta sunan yaron Mahamadou, a ɗakin gwajin jini wani ya rubuta Mahaman, a sashen yara masu tamowa kuma aka sa Mamane, domin kowane ma'aikaci yana rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan Faransanci. Ranar haihuwa ba ta raba gardama, tun da mutane da yawa takardunsu shekara kawai suka nuna, aka cike musu da 1 ga Janairu, wasu kuma ƙiyasta shekarunsu aka yi da ido. Idan mai bincike ya zo haɗa rajistocin nan uku, ko dai ya ƙirga yaro ɗaya sau uku, ko ya haɗa sakamakon jinin wani yaro da tarihin wani, kuma babu lissafin da zai gyara wannan daga baya. Abin da ke maganinsa shi ne a ba majiyyaci lamba tun daga ƙofa, a buga ta a katin da zai riƙe, a tilasta rubuta ta a kowace takardar gwaji da kowace rajista. A fom ɗin kuma a ware gurbin da zai nuna ko ranar haihuwar tabbatacciya ce ko ƙiyasi, a ƙara sunan uwa da ƙauye don ranar da kati ya ɓata, domin zai ɓata. Wannan aiki na ma'aikatan karɓa da na jinya ne, don haka ofishin da bai zauna da su ya ji wahalarsu a lokacin damina ba, sa'ad da gado ɗaya yake ɗaukar yara fiye da ɗaya, zai tsara fom mai tsawon da ba wanda zai cike.

Daga nan sai dogaro da Excel a matsayin rumbun bayanai. Manhajar tana da amfani wajen lissafi, amma tana barin kowa ya rubuta abin da ya ga dama a kowane gurbi: wani ya sa nauyin yaro da waƙafi, wani da ɗigo, wani ya rubuta jinsi da harafi, wani da lamba, ba ta kuma nuna wanda ya canja abu ko lokacin da ya canja. A 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ba a shigar ba, saboda tsohon samfurin fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Akwai manhajojin da aka ƙera don wannan aiki. REDCap, wadda Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta fara a 2004, ana ba cibiyoyin da ba na neman riba ba lasisinta kyauta, tana ƙin karɓar abin da ya saɓa wa ƙa'idar gurbi, tana kuma ajiye tarihin kowane gyara. KoboToolbox da ODK suna aiki a wayar hannu ko babu intanet, su tura bayanan idan an samu layi, abin da ya dace da mai tattara bayanai a ƙauyukan Tanout ko Gouré. Kowacce aka zaɓa, kafin a shigar da majiyyaci na farko sai an rubuta takardar da ta fayyace ma'anar kowane gurbi da ma'auninsa, a kuma yi amfani da lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya maimakon kowane likita ya taƙaita sunan ciwo yadda ya saba.

Wasu shugabanni suna ɗauka cewa tun da ana tura rahoto ta DHIS2, manhajar da ma'aikatar lafiya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, an gama. Rahoton wata-wata jimilla ce, tana faɗin yawan waɗanda suka kwanta da waɗanda suka rasu, ba ta faɗin wane magani aka ba wane ko bayan kwana nawa ya samu sauƙi. Ma'aikatar lafiya jimillar take buƙata, mai bincike kuwa tarihin mutum ɗaya-ɗaya yake nema.

Batun sirri ya fi ƙarfin a bar shi ga halin kowane ɗalibi. Ɗaukar hoton shafin rajista da waya a tura ta WhatsApp, da sunaye da sakamakon gwajin ƙanjamau a fili, cin amana ne, balle a gari irin namu da kusan kowa ya san dangin kowa daga Birni har Zango. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, akwai kuma kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya da ake neman amincewarsa. Aikin ofishin ne ya cire suna da lambar waya kafin ya miƙa bayanai, ya riƙe takardar da ta haɗa suna da lamba a wuri dabam a kulle, ya ba kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa shi kaɗai. Idan za a yi amfani da manhajar da ke ajiye bayanai a wata ƙasa, a san hakan tun farko, a kuma rubuta shi a takardar neman izini.

Akwai kuma kuskuren da ke kashe ofishi a hankali, wato ya zama shinge. Shugaban sashe da ya yi shekaru yana tara bayanan majiyyatansa yana da hujjar jin tsoron wani ya wallafa su ba da sunansa ba, kuma idan ba a amsa masa wannan damuwa a rubuce ba, zai ci gaba da riƙe su a kwamfutarsa. Sai a kafa ƙaramin kwamiti da ya haɗa asibiti da jami'a, a rubuta wa ke ba da izini, cikin kwana nawa ake amsa buƙata, da yadda za a sa sunan sashen da ya tara bayanan. Ya fi kyau ofishin ya fara da sashe ɗaya mai son aikin, kamar na yara ko na haihuwa, ya taimaki ɗaliban da ke rubuta kundi a wurin har sauran sassa su ga amfanin da idonsu.

Kuɗin tafiyar da ofishin kada ya rataya ga tallafin shiri ɗaya mai wa'adin shekara biyu ko uku, domin ranar da shirin ya ƙare ma'aikacin da aka horar zai nemi aiki a Yamai. A sa albashinsa a kasafin asibiti ko na jami'a, kowane binciken da ke da tallafi kuma ya ware wani kaso don hidimar da ake yi masa. Haka nan a riƙa ajiye kwafi uku na bayanan, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da su daga kwafin a gaban shugaban ofishin don a tabbatar yana buɗewa.