Kurakuran da masu haɗa jirgi a gida ke yi da agogunan zuƙar iska

A Amurka mutane da dama na haɗa ƙaramin jirgin sama a garejinsu, irin su RV na kamfanin Van's ko Pietenpol, abin da ke damuna shine mutum zai shafe shekaru kan fiffike da inji, amma da an zo kan agogunan da ke aiki da zuƙar iska sai a yi musu aikin shashasha. Wanda ke nuna karkatar jirgi da wanda ke nuna alƙibla duk akwai ɗan faifai a ciki da iska ke juyawa, suna son zuƙa wajen inci 4.5 zuwa 5.5 a gejin da ke auna ƙarfin zuƙar, in ta gaza faifan baya tsayawa lokaci ɗaya, a hankali yake mutuwa yana maka ƙarya kai kuma kana cikin gajimare ka yarda dashi.

Masu inji irin Continental A-65 da bashi da wurin ɗaura famfon zuƙar iska sukan manna bututun benturi a gefen jirgi, wato bututu mai matsattsen tsakiya da ke haifar da zuƙa in iska ta ratsa shi. Matsalar sai a saka ƙarami mai zuƙar inci 2 a geji, alhali shi agogon da ke nuna saurin juyawar jirgi kaɗai zai iya ɗauka, na karkata da na alƙibla sai mai inci 4 ko sama. Kuma fa benturi sai jirgi ya tashi yake zuƙa sosai, ga ƙanƙara na iya toshe shi, to kar ka dogara dashi a hazo.

Busasshen famfo kuwa, wato wanda ba a sa masa mai a ciki, nan aka fi ɓarna. Fukafukan cikinsa na kabon ne, ƙwayar datti ɗaya ta isa ta farfasa su. Kar ka naɗa farin tef a zaren mahaɗinsa, guntunsa zai shige ciki, kar ka matse jikinsa a bais, wato ƙarfen matse kaya, in zaka wanke inji ka rufe shi tsaf don mai da sinadarin wanki kashe shi suke. Duba harafin CC ko CW da ke jikinsa, mai nuna ɓangaren da yake juyawa, ya dace da juyin injinka kafin ka saya.

In geji ya sauka kar ka yi saurin murɗa regileta mai daidaita ƙarfin zuƙa, fara duba matata da tiyo, ko ya lanƙwashe ko ya tsufa ya shaƙe. In kuma famfo ya mutu, ka busa tiyoyin ka canza matata kafin ka ɗaura sabo, in ba haka ba garin kabon na tsohon ne zai cinye shi.