Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa ban tsoro da barkwanci a fim ɗin matattun 'yan sanda

Duk marubucin da ke son ya tashi mamaci ya damƙa masa bindiga ya ce je ka kamo ɓarayi, ya nemi Dead Heat, fim ɗin Amurka na 1988, ya kalle shi da biro a hannu. Mark Goldblatt ne ya ba da umarni, wanda ya tace The Terminator, don haka ya san lokacin da ya kamata a yanke hoto. A cikin wannan fim ɗaya akwai kurakuran da maganinsu.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan labari shi ne a tashi jarumi daga mutuwa ba tare da an ɗora masa farashi ba. In harsashi ba ya cin sa, wuƙa ba ta kama shi, me zai sa gaban mai kallo ya faɗi? Dead Heat ya tsallake wannan ramin. Roger Mortis, ɗan sandan farin kaya a Los Angeles, wanda Treat Williams ya fito a matsayinsa, ya mutu a kamfanin magunguna na Dante, aka mayar da shi da wata na'ura, amma aka faɗa masa sa'o'i goma sha biyu kacal gare shi kafin jikinsa ya narke. Daga nan fatarsa ta soma sauya launi, fuskarsa na lalacewa fitowa bayan fitowa, yana farautar wanda ya kashe shi. Gyaran ke nan: ka kafa wa mutuwa doka tun farko, ka nuna ta a jikin jarumin, kada ka karya ta don labari ya yi maka sauƙi.

Inda fim ɗin ya yi tuntuɓe kuwa shi ne bakin abokin aikin Roger, Doug Bigelow, wanda Joe Piscopo ya taka. Kusan duk lokacin da tsoro ya fara kama mutum sai ya jefo zolaya, tsoron ya watse. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai, domin abin dariyar yana nan cikin halin da suke ciki, ba ya bukatar a yi masa talla. Dubi fitowar shagon nama na unguwar 'yan Sin, inda fiɗaɗɗun agwagi da gangar jikin saniya suka farfaɗo suka far wa 'yan sandan. Ko ba wanda ya ce uffan za ka yi dariya, kuma tsigar jikinka za ta tashi. Sai ka soke rabin zolayar da ka rubuta, musamman wadda ta biyo bayan mutuwar wani da mai kallo ya fara ƙauna. Lokacin da Randi, ma'aikaciyar kamfanin Dante, ta ruɓe a gaban Roger, shirun da aka bari ne ya ba fitowar nauyi.

Wasu kuma suna zaton kuɗi da zanen kwamfuta za su rufe ɓarakar. R.I.P.D., wani fim ɗin matattun 'yan sanda na 2013, mai Jeff Bridges da Ryan Reynolds, ya ci kusan dala miliyan 130, abin da ya dawo daga sinima bai kai 80 ba. Dodanninsa sun fi kama da zanen yara, ba sa tsorata kowa. Kwalliyar roba da jinin bogi da Steve Johnson ya haɗa da hannu a Dead Heat sun fi su tayar da hankali, saboda ɗan wasa yana taɓa abin da yake tsoro. Mai ƙaramin jari ya zuba abin da yake da shi a kan mai kwalliya da mai haske.

Kada kuma a manta cewa labarin bincike ne. Dole a sami sawun da ake bi: 'yan fashin shagon gwal da aka taɓa yi wa binciken gawa, sinadarin da aka gano a jikinsu, har zuwa attajirin nan Loudermilk da Vincent Price ya taka, mai sayar wa masu kuɗi rayuwa bayan mutuwa. Ka rubuta binciken shi kaɗai tukuna, ka ga ko zai tsaya da ƙafarsa, sannan ka shigo da gawarwakin.