Yadda za ka riƙe ƙaramar ƙungiya ba tare da ta watse a hannunka ba

Mu takwas ne muka haɗa kuɗi muka sayi injin ban-ruwa a nan wajen Kura, kuma tun lokacin na lura ba mai babbar gona ko mai ƙarfin murya ake bi ba, in magana ta rikice wanda ya iya zama da mutane ake juyowa a kalla ko da ba a naɗa shi komai ba. Wasu masana a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, sun yi rubutu a kan haka a 1990, wato mutum ya gane abin da ke ransa da na wasu kuma ya iya bi da shi, daga baya wani marubuci, Daniel Goleman, ya yaɗa maganar a 1995. Mu a nan cewa muke wane yana da kara.

To in an ba ka shugabanci, kafin a buɗe mitin fara kallon fuskoki tukuna. Wancan da ya koma bakin tabarma yana zane ƙasa da tsinke bai ce uffan ba, galibi shi ke da magana. Kar ka tsare shi a gaban jama'a, bari sai an idar da la'asar ka bi shi a hanya ka ce "Baba, yau na ga ba ka sake ba, lafiya dai?" Wallahi abin da za ka ji a nan ba za ka taɓa ji a mitin ba.

Sai batun kuɗin mai, nan ne ake ɓatawa. A 2016 da tsutsar nan ta cinye tumatir, ɗaya daga cikinmu ya kasa biyan nasa kason, shugabanmu na lokacin ya karanto sunansa a gaban kowa har da ƙannensa, mutumin ya tashi ya saka takalmi, bai sake dawowa ba, kuma daga ranar muka daina sakin jiki da shugaban duk da lissafinsa daidai ne. Irin wannan a zaure ake yin ta, ku biyu, ku tsayar da ranar biya bayan an kai kaya kasuwa.

In ranka ya ɓaci kar ka yanke komai, ka ce a bari sai gobe. Ranar rabon ruwa kuma ka sa sunanka a ƙarshe, ka fara da wanda shukarsa ta fi yin yaushi.