Yadda mai keke zai nemi haƙƙinsa da diyya idan mota ta buge shi

Sau da yawa abin yakan faru ne cikin minti biyu. Mota ta ture mai keke, ya miƙe yana kakkaɓe jiki, direba ya sauke gilashi ya ce, "Sannu, ba ka dai ji ciwo ba ko?" Shi kuma, saboda firgici da kunyar idon jama'a, sai ya ce ba komai. Mota ta wuce. Can cikin dare hannu ya kumbura, da safe likita ya ce karaya ce, kuma wata biyu ba aiki. A wannan lokacin ba lambar mota, ba shaida, ba wanda za a kama. Wannan asarar tana damuna ƙwarai, domin yawanci doka tana gefen mai keken, hujja ce kawai ta kuɓuce masa.

Ka fara da sanin matsayinka. Yarjejeniyar Viyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda ƙasashe da dama suka gina dokokinsu a kanta, ta lissafa keke cikin ababen hawa. Ke nan hanya taka ce kamar yadda take ta mai mota, kuma wajibi ne ya kiyaye lafiyarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda ba ƙarfen da ya kewaye jikinsu.

Mataki na farko: a wurin da abin ya faru

Idan za ka iya motsi, ka kauce daga bakin motoci. Idan wuya ko baya ne ke ciwo, ka kwanta yadda kake, kada ka yarda a ɗaga ka har sai masu ba da agajin gaggawa sun iso. Ka sa wani ya kira su, ya kira 'yan sanda.

Daga nan sai lambar mota. Ita ce kan gaba da komai, domin da ita ake gano mai motar da kamfanin inshorarsa ko da direban ya gudu. Bayanta ka karɓi sunan direba, lambar wayarsa da sunan kamfanin inshorarsa. A ƙasashe da yawa laifi ne direba ya ji wa mutum rauni ya wuce bai tsaya ba; a Ingila, idan bai ba da bayanansa a wurin ba, dole ya kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24.

Ka ɗauki hotuna kafin a gusar da komai, ko ka miƙa wa wani wayarka ya ɗauka: inda keke ya faɗi, inda mota ta tsaya, wurin da ta lotsa, sawun birki a kan kwalta, danja, alamomin hanya, da raunukan jikinka. Gani ya kori ji. Waɗanda suka ga abin da idonsu kuma, ka roƙi mutum biyu ko uku su ba ka lambar waya, don taron da ya yi cincirindo yanzu zai watse kafin minti goma.

Sai ka tsare bakinka. Kada ka ce "laifina ne", kada ka ce "lafiyata ƙalau". Mutumin da ya bugu bai san abin da ya same shi ba tukuna, kuma waɗannan kalmomi suna iya dawowa cikin takardar kamfanin inshora bayan watanni. Idan direba ya zaro kuɗi ya ce a kashe magana nan take, ka ce masa sai ka ga likita.

Mataki na biyu: asibiti, a ranar

Ko da ƙujewa kawai kake gani, ka je. Firgici yana danne zafi na ɗan lokaci. Akwai wani ƙaramin ƙashi a tsintsiyar hannu, gindin babban yatsa, wanda yakan tsage idan mutum ya dafa ƙasa wajen faɗuwa, kuma sau da yawa ba ya fitowa a hoton ƙashi na farko sai an sake ɗauka bayan kwanaki. Buguwar kai ta fi wannan haɗari: mutum yana iya tashi yana magana garau alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, jiri, ruɗewa ko barci mai nauyi, duk wanda ya bayyana a koma asibiti ba jira.

Ta fuskar shari'a ma zuwan yana da nauyi. Takardar likita mai ɗauke da kwanan watan hatsarin ita ce ke ɗaure raunin da motar. Idan ka bari sai bayan mako biyu, kamfanin inshora zai ce wataƙila a wani wuri ka ji ciwon. Ka faɗa wa likita kowane wuri da ke maka ciwo, har ƙanana, ka tabbata an rubuta cewa mota ce ta buge ka kana kan keke.

Mataki na uku: rahoton 'yan sanda da adana hujja

Ka ba da rahoto, ka karɓi lambarsa ko kwafinsa, ka karanta bayaninka kafin ka sa hannu. Idan akwai kyamarar tsaro a gine-ginen da ke kusa, ka nemi a adana faifan cikin kwanakin farko, domin na'urorin suna goge tsohon hoto da kansu.

Kada ka gyara keken, kada ka jefar da hular kwanon da ta tsage ko rigar da ta yage. Yadda taya ta lanƙwashe yana nuna ta inda aka buge ka. Ka sami jaka ɗaya ka riƙa zuba kowane rasit: magani, hoto, gashin ƙashi, kuɗin motar zuwa asibiti. Ka kuma ajiye ɗan littafi kana rubuta kwanakin da ba ka je aiki ba, daren da ciwo ya hana ka barci, abin da ka kasa yi da kanka. Bayan shekara ɗaya ba za ka tuna waɗannan ba, kuma da su ake auna wahalar da ka sha. Ka rage sa hotunanka a Facebook da makamantansa har a gama. Hoto ɗaya da kake dariya a wajen taro ya isa a ce ka warke.

Mataki na huɗu: gano wanda zai biya

Galibi kamfanin inshorar motar ne, tunda yawancin ƙasashe sun wajabta wa mai mota inshorar da ke biyan wanda ya ji wa ciwo. Idan direban yana bakin aiki ne, wanda ya ɗauke shi aiki ma yana iya shiga ciki. Wanda ya buɗe ƙofar mota a gabanka ba tare da ya duba ba, shi ma sakaci ya yi. Idan kuwa rami ne a hanya ya kayar da kai, ana iya neman hukumar da ke kula da hanyar, sai dai wannan ƙara ta fi wuya.

Gudun direba ko rashin inshorarsa ba ya rufe ƙofa a ko'ina. A Birtaniya kamfanonin inshorar mota suna da wata hukuma tun 1946 da ke biyan waɗanda direba marar inshora ya raunata, tana kuma biyan waɗanda ba a gano direban da ya buge su ba. Faransa tana da asusu irin wannan. Afirka ta Kudu kuwa tana da asusun hatsarin hanya da ake cikawa da harajin man fetur. Ka tambayi lauya ko ƙasarka tana da makamancinsa.

Mataki na biyar: idan aka ce kai ma da laifinka

Za a faɗa. Za a ce ba ka da fitila, ko ba ka sa hular kwano ba, ko ka ratso ba ka duba ba. Nan ne dokoki suka fi bambanta, kuma nan ne mutane suke saurin karaya ba dalili. A Ingila, tun dokar 1945, sakacinka yana rage diyyar ne gwargwadon rabonka na laifi. A Holan doka ta fi tausaya wa mai keke: a ƙa'ida mai mota yana biyan aƙalla rabin asarar ko da mai keken ya yi kuskure, idan kuma yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14 ana biyansa duka. Faransa ta yi dokarta a 1985, wadda ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin, Robert Badinter. A ƙarƙashinta ana biyan mai keke raunin jikinsa sai fa idan ya yi ganganci marar uzuri wanda shi kaɗai ya jawo hatsarin. A ɗaya ɓangaren, wasu jihohi kaɗan a Amurka, irin su Alabama, suna hana diyya gaba ɗaya idan aka sami ko ɗan laifi a kanka. A ganina tsarin Holan da Faransa ya fi kusa da adalci, domin kuskure iri ɗaya, mai mota fenti yake asara, mai keke ƙafa.

Mataki na shida: lissafin diyya da tayin kamfani

Diyya ta ƙunshi kuɗin maganin da ka kashe da wanda za ka kashe nan gaba, albashi ko cinikin da ka rasa, raguwar ƙarfin neman abinci idan raunin ya bar naƙasa, keke da sauran kayan da suka lalace, ladan wanda ya yi jinyarka ko da ɗan'uwa ne a wasu ƙasashe, sai kuma zafin ciwo da tashin hankali. Idan an rasa rai, iyalan da mamacin yake ciyarwa suna da haƙƙin nema.

Kamfanin inshora yakan yi saurin kawo tayi, wani lokaci kana kwance. Wanda ya kira ka da murya mai laushi ma'aikacin kamfanin ne, kamfanin yake karewa. Takardar da zai ba ka yawanci tana cewa wannan biya shi ne na ƙarshe, kuma da zarar ka sa hannu ba komawa, ko da daga baya an ce sai an yi maka tiyata. Saboda haka ka jira har likita ya faɗi inda raunin zai tsaya. Idan kuɗin jinya ya matsa, ka nemi a ba ka wani kaso a matsayin kafin alƙalami, a rubuta cewa maganar ba ta rufe ba.

Mataki na bakwai: lauya da wa'adi

Ɓarnar keke kawai kana iya binta da kanka. Amma karaya, buguwar kai, ko musun laifi, ka nemi lauyan da ya saba da shari'ar rauni. Wasu sukan yarda sai an ci nasara su ɗauki kaso. Ka tambayi kason nawa ne, da wanda zai ɗauki kuɗin kotu idan an faɗi, a rubuta kafin a fara.

Tambayar farko da za ka yi masa ita ce wa'adin shigar da ƙara. A Ingila shekara 3 ne, na yaro kuma sai ya cika 18 ake fara ƙirgawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka shekara 2 ne, amma idan hukumar gwamnati kake nema, wata 6 kawai gare ka ka gabatar mata da buƙatarka. Tattaunawa da kamfanin inshora ba lallai ta tsayar da ƙirgen ba, don haka ka rubuta ranar ƙarewar wa'adin a bangon jakar takardunka tun ranar da lauyan ya faɗa maka ita.