Ƙwaurin rago: kurakuran da ke ɓata shi tun daga wajen mahauci har cikin tukunya

Tun bayan Babbar Sallah mata uku cikin maƙwabtana a nan Agege suka kawo mini kuka iri ɗaya, cewa sun dafa ƙwaurin rago ya ƙi laushi, kuma kowaccensu ta ɗora laifin a kan ragon, wai tsoho aka sayar wa maigidanta a kasuwar Alaba Rago. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a bakin ƙofa, domin a mafi yawan lokuta ba ragon ne da laifi ba, hannun mai girki ne.

Ƙwauri shi ne gaɓar da ke ƙasan gwiwa, wadda dabbar take aiki da ita duk yini, saboda haka jijiya ta yi masa yawa. Wannan jijiyar ba ta narkewa sai ta samu ruwa da ƙaramar wuta da lokaci mai tsawo, kuma idan ta narke ita ce ke ba romo kauri da danƙo, har ya daskare in ya huce. Wadda ta ƙure wuta tana neman ya dahu da wuri, tsokar ce za ta ƙanƙance ta matse ruwanta, ruwan tukunya ya ƙone, jijiyar kuwa tana nan daram.

Wannan kuskuren ya taɓa jawo mini baƙin cikin da har yau ban manta ba. A shekarar farko ta aurena surukata ta zo daga Kano, na ɗora ƙwauri huɗu bayan la'asar ina sa ran a ci da magariba. Da na ga lokaci yana ƙurewa sai na ƙara wutar gas, da hakan bai yi ba na jefa kanwa, kamar yadda wata ta taɓa ba ni shawara. Romon ya yi duhu, ya yi santsi kamar sabulu, bayan naman ya saɓule amma cikinsa yana nan da tauri. Ta ɗanɗana sau ɗaya ta ajiye cokali, ta ce, "'Yata, ƙwauri ba a ɗora shi bayan la'asar, da hantsi ake ɗora shi." Na ce, "To, Hajiya," na kwashe kwanon ina haɗiye hawaye, domin nama mai tsada ne na lalata a gaban baƙuwa. Tun daga ranar ban sake kusantar da kanwa ga nama ba, kuma raina yana ɓaci idan na ji ana koya wa amare wannan dabarar. Masu jefa farasitamol kuwa don nama ya yi laushi, su ji tsoron Allah, magani ne ba kayan miya ba, kuma yawansa yana illa ga hanta.

Abin da nake yi yanzu shi ne in tsane naman sosai, in shafa gishiri, in soya shi a ɗan mai har kowane gefe ya yi ja, sannan in zuba albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari kaɗan, in zuba ruwan zafi ya kai rabin naman ko ya ɗan wuce. Da ya tafasa sai in rage wuta har ruwan ya koma motsi a hankali, in rufe, in bar shi awa 2 da rabi zuwa 3, ina juya shi jefi-jefi. A tukunyar matsi (pressure cooker) minti 45 zuwa 50 kan ishe ni. Ba na sauke shi sai na ga naman ya janye daga ƙashi, cokali yana shiga ba tare da na danna ba.

Kuskure na biyu ana yin sa ne tun kafin a iso gida. Mahautanmu na Oko-Oba da Mile 12 sun saba da masu sayen naman miya, don haka da zarar kin miƙa kuɗi sai adda ta hau ƙashi, a daddatsa shi gutsi-gutsi. Ƙashin ƙwauri tsagewa yake yi, ɓaraguzansa su watsu cikin nama, ɓargon kuma ya zube wajen wanki. Na taɓa zaro tsinin ƙashi daga dasashin ɗana yana kuka, jini na zuba, saboda na yi shiru a gaban teburin mahauci. Ki buɗe baki tun bai ɗaga hannu ba, ki ce, "Malam, bar mini shi guda, ka raba ta gaɓa kawai." Idan ya fi tukunyarki tsawo, a yanka sau ɗaya da zarto. Ni ƙwaurin baya nake zaɓa domin ya fi tsoka.

Sauran ƙanana ne. Kada ki cika ruwa har ya shanye naman, romon zai yi salam. Idan ruwa ya ja baya ki ƙara na zafi. Jajjagen tumatir da tattasai a soya shi daban har tsaminsa ya fita kafin ya shiga. Daddawa da kimba kaɗan ake sa wa, in ba haka ba su danne ɗanɗanon ragon. Kitsen da ya taso sama a kwashe shi, domin shi ne ke daskarewa a baki ya kawo ƙarnin da wasu ke ƙin naman rago saboda shi.

Akwai kuma masu barin tukunya a rufe ta kwana a kan murhu cikin zafin Legas, su wayi gari romon ya yi kumfa. Idan akwai wutar lantarki, ki juye shi a kwano mai faɗi ya huce da sauri, ya shiga firji cikin awa 2. Idan babu tabbacin wuta, ki dafa daidai wanda za a cinye a ranar.