Kurakuran masu neman asalin dangi a jikin duwatsun kabari

Na gaji da ganin masu fara bin salsalar dangi suna shiga ƙaramar maƙabartar ƙauye da littafi da biro, su fito da jerin sunaye da shekaru suna murna, alhali da yawa daga abin da suka kwafo sai an sake shi.

Na farko, suna gaskata duk abin da ke jikin dutse. Ranar rasuwa galibi daidai take, don waɗanda suka sa aka sassaƙa sun shaida ta. Shekarar haihuwa kuwa, ɗa ne ko jika ya faɗa da ka, wani lokacin ma sai da aka shekara da shekaru da binnewa aka samu halin kafa dutsen. Ni dai ba na shigar da ita cikin nasaba sai na gwada ta da rajistar haihuwa, ko ta aure, ko takardar gado. Haka lissafin shekaru: idan an ce ya rasu "a cikin shekararsa ta 70", to 69 ya cika. Ga kuma kalanda. A Ingila da ƙasashen da ta mallaka, kafin 1752 sabuwar shekara a ranar 25 ga Maris take kamawa, shi ya sa Fabrairun 1720 a dutse Fabrairun 1721 ne a lissafinmu. Rasha kuma ba ta bar tsohuwar kalandar Juliyas, wadda kwanakinta ke bayan namu, ba sai 1918. In da shekarar Hijira aka rubuta, ka tuna shekara 33 nata kusan 32 ne na Miladiyya.

Amma abin da ke ƙona mini rai shi ne masu "gyara" dutse. Na taɓa bin sawun wata kaka har na gano kabarinta, sai na tarar wani mai rawar kai ya riga ni, ya dirje gansakukar da burushin ƙarfe don ya ɗauki hoto. Sunan mahaifinta, wanda shi kaɗai ya kai ni wurin, ya bi ƙura. Har yau wannan reshen a yanke yake a wurina. Haba jama'a! Dutsen da ya sha ruwa da rana fiye da shekara ɗari, shi za ka kankare? Ban yarda da shafa wa dutse alli don rubutu ya fito ba, ban yarda da kumfar aski ko ruwan wanke tufa mai ƙarfi ba, duk suna shiga ƙofofin dutse su ci shi. Ka zo da madubi ko tocila, ka haska rubutun ta gefe, inuwa za ta fito da haruffan da kake zaton sun goge.

Sauran ƙanana ne. Lambobi irin 1 da 7, 3 da 8, suna rikiɗewa a dutsen da ya zaizaye, don haka ka sa alamar tambaya, kada ka cike da zato. Ka kwafi suna yadda aka rubuta shi, ko da ka ga kuskure ne. Ka duba bayan dutse da gindinsa. Kwanciya kusa da juna ba ta nufin miji da mata, amma ka zana taswirar wa ke gefen wa, don sau da yawa dangin mace ta nan ake gano su. Mace biyu masu suna ɗaya kusa da namiji ɗaya kuma, ka lissafa shekarunsu tukuna, wataƙila uwa ce da 'yarta.